Ɗinyar Kasuwar Gummi

Kwana tara ke nan rabon ƙasa da ruwa,
gero ya sunkuyar da kai a gonakin bakin hanya.
Na sauko daga mota ƙafata na tsami,
Hajjo na riƙe da gefen rigata.
Shinkafa aka aiko ni aunowa, da manja kwalba biyu.
Ba wanda ya ambaci ɗinya.

Sai ga ta can bayan masu tukwane,
cike da ƙwarya, an yi mata rumfa da ganye,
baƙa wuluk, tana sheƙi kamar idon maraƙi.
Mai ita tsohuwa ce, na ji an kira ta Inna Tumba.
Ta ce, "Mi kaka so, ɗan nan?"
Na ce kallo nake yi.
Ta ce, "Ba a sayen ɗinya tsaye. Tsuguna."

Na tsuguna,
hannuna ya tuna abin da kaina ya manta.

Wannan mai ɗigon kore a ciki, a'a,
baurinta zai ɗaure maka harshe har la'asar.
Wannan ta yamutse kamar goshin mai bin bashi,
ta kwana uku a ƙwarya.
Wannan da ɗan huji gefen gindi,
tsutsa ta riga ni sallama.
Wannan kuwa, dubi toka a ƙarƙashin hularta:
ɗanya aka kaɗo, aka turbuɗe ta,
aka nunar da ita dole.
Abin da aka yi wa dole ba ya zaƙi har ciki.

Wadda nake nema ita ce ta faɗo don kanta,
da asuba, kan ciyawa mai raɓa.
In ka matsa ta da babban yatsa
sai ta ɗan lotsa, ba ta fashe ba,
hular ta fita ba gardama,
ƙamshin ya zo kamar an buɗe tukunyar maɗi.

Tsohuwa na kallon yatsuna.
Ta ce, "Kai ɗan fadama na, kada ka ɓoye."
Ban ɓoye ba.
Na gaya mata wata bishiya a bakin rafin garinmu,
da yadda ni da wana Nomau
muke rigan awaki tashi,
mu cika aljihu har ya rine,
mu sha faɗa kan rigar makaranta.
Bishiyar ta zama turmi tuntuni.
Nomau yana Fatakwal, shekara shida bai ga kaka a gida ba.

Na miƙa wa Hajjo guda.
Ta ja da baya, ta yatsine hanci:
"Baba, wannan ai kashin raƙumi ne!"
Masu tukwane suka kwashe da dariya.
Ta rufe ido, ta ciza kaɗan, kamar mai shan magani.
Shiru.
Ta tsotse ƙwallon, ta juya shi a kunci,
ta tofo shi fari-fari a tafin hannu,
ta buɗe ɗaya hannun ba tare da ta dube ni ba.

Gwangwani biyu na ce.
Muka tashi da biyar, da gyara cikin hulata.

A inuwar tasha muka zauna, muna ci muna jefa ƙwallo,
wa zai sami waccan tsohuwar taya.
Zaƙin ba mai ihu ba ne irin na rake,
a hankali yake zuwa, mai duhu, mai nauyi,
ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya.

Shinkafa ta ragu da kwano guda.
Na ce, "Hajjo, in mun isa, bakinki alekum."
Ta gyaɗa kai, ta yi mini alkawari,
ta yi murmushi,
haƙora da harshe baƙi ƙirin.